Fatar da ke Ɗaure a Ƙarƙashin Sarjan

Tun da na dawo daga Kaduna ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta bakin tasha ba. Da na zauna sai tambaya: yaya ƙasar take, me na ci, da gaske ne a gidan kirista na sauka, kuma me ya sa mutumin da ya je har Najeriya ya kawo sababbin lam na mota yake yawo da fatar saniya ɗaure a ƙarƙashin mota. Tambayoyin farko na amsa har bakina ya gaji. Ta ƙarshen ce nake zille wa, in ce shayin ya yi ɗaci, ko in tashi in ce zan duba mai. Yau zan faɗa gaba ɗaya, ku huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isuhu, direba ne ni a Dakoro, kuma tsohuwar motar sojan nan mai ƙafa shida da ake kira Sarjan tawa ce. An yi gwanjonta tun ina saurayi, ta bi hannu uku kafin ta zo nawa. Ba ta da kyau, ba ta da gudu, ƙofar hagu da igiya nake ɗaure ta. Amma in aka wuce Tagriss aka shiga rairayin arewa, inda motocin 'yan gayu ke durƙushewa, ita ce ke shiga da kaya ta fito.

Asirinta yana ƙafafun baya. A kowane gefe akwai tulin lam, dogayen ƙarafan nan da ake jerawa kan juna, waɗanda 'yan Najeriya ke kira sifirin. Tsakiyar tulin na zaune kan wani ƙarfe da yake lilo a kai, baki ɗaya na danne tayar tsakiya, ɗayan na danne ta baya. In taya ɗaya ta hau tudu, 'yar'uwarta na nan manne da ƙasa tana turawa. Abin da ke rungume da tulin kuwa ƙarafa biyu ne masu lanƙwasa, etiriye, da notinsu. Ku riƙe maganar notin nan, za mu dawo kanta.

Dalilin tafiyata Baffa Hardo ne, aminin mahaifina. Shekarar da mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, nonon shanunsa ne ya riƙe gidanmu, kuma bai taɓa ambata ba. A garkensa akwai wata tsohuwar jar saniya mai farin tabo a kafaɗa, yana ce mata Dada, rabin garken 'ya'yanta ne da jikokinta. Bazarar bana ciyawa ta ƙare da wuri. Baffa da gidajen da ke tare da shi suka maƙale a wata rijiya can arewa da Tagriss, shanu sun rame har ba za su iya takowa kudu ba. Suka haɗa ƙarfi suka sayi dusa da anguriya a Dakoro, ni kuma na dafa ƙirji na ce zan kai. A hanyar dawowa daga rijiyar, inda na yi alkawarin, ne uwar lam ta hagu, babbar da ke ɗauke da sauran, ta karye gida biyu. Wani Buzu mai raƙumi ya same ni a nan, ya naɗe mini tulin da ɗanyar fata, na lallaɓo gida ba kaya. Da kaya kuwa ko bakin gari ba za ta kai ba.

Ɗan Tani mai walda ya ce in kawo ya ɗinke. Sau biyu ya riga ya ɗinke ta a baya, na ce a'a. Na bincika Maradi garaji-garaji, ba irinta. Sai na samo karan gero mai kauri, na auna tsawon lam ɗin daga baki zuwa baki na yanke daidai, na sa rabin karyayyen a buhu, na kama hanyar iyaka.

Karan nan na riƙe shi kamar sandar liman tun daga Dakoro. A tashar Maradi direba ya ce zai tsokane wa mutane ido, ya karɓa ya zura shi a bayan mota. Ban san akwai rago ɗaure a wurin ba. Da muka sauka a Ɗan Issa na tarar da ɗan guntu kamar asuwaki, ragon na kallona yana tuƙa. Mai ragon ya ba ni haƙuri, ya ƙara da cewa dabbar tasa ba ta saba cin abin mutane ba. Na ce masa yau dai ta ci awon motar soja.

A iyaka wani jami'i ya sa na kwance buhu. Ya ga guntun ƙarfe da busasshiyar fata naɗe a jiki, ya ja da baya kaɗan.

"Malam, wannan wace irin laya ce?"

"Ranka shi daɗe, ba laya ba ce, ƙahwar mota ce."

Ya kira abokan aikinsa biyu su gani. Ɗaya ya gwada yanka fatar da wuƙarsa, wuƙar ta zame. Suka yi ta dariya, suka ce mutanen Nijar har mota suke yi wa ɗori. Suka sallame ni da fatan alheri, amma maganar ta zauna mini. Daga nan na fara jin kunyar fatar, na yi niyyar kankare ta kafin in nuna wa wani mai sana'a.

A Kano na kwana a tasha, da safe na nufi Ƙofar Ruwa. Ku da kuke ganin tarin ƙarafan bayan garajin Ɗan Tani kuna cewa kaya, ba ku ga komai ba. Can unguwa guda ce ta ƙarfe, layi bayan layi, mutum na iya harhaɗa mota sukutum bai fita daga lungu ɗaya ba. Abin da na lura da shi, ba wanda ke cewa babu. Kowa sai ya ce akwai, ya ba ka benci, ya ɓace, ya dawo da lam ɗin da ko kusa bai yi kama da naka ba, yana rantsuwa cewa in aka ɗan rage nan aka ɗan ƙara can zai hau. Mu a Dakoro mai shago na ce maka babu tun kana bakin ƙofa, don kada ka tashe shi daga kishingiɗa. Ban san wanne ya fi ba. Sai bayan azahar wani dattijo mai sayar da tsofaffin injuna ya juya ƙarfen a hannu ya ce, "Kada ka ɓata ƙafarka a nan. Ka tafi Kaduna, ka shiga Panteka, ka ce a kai ka wurin Baba Soja."

Hanyar Kaduna ce ta fi ba ni wahala, ba don gargada ba. Su damina ta riga ta sauka musu. Daga Zariya zuwa gaba ciyawa ce kore shar har gwiwa, hagu da dama, ba mai kiwonta. Na ga mutane a bakin titi suna sare ta da adda suna zubarwa a kwata. Na tambayi na kusa da ni wa za a kai wa, ya ce ba kowa, gyaran hanya ne. Na tuna shanun Baffa suna lasar ƙasa, sai na juya fuskata cikin mota ban ƙara leƙa taga ba.

Ran Asabar da la'asar na iso. Baba Soja gajere ne, kakkaura, kansa fari fat, mutumin Filato, ya yi shekarunsa na aikin soja a ƙarƙashin manyan motoci. Hausarsa irin ta bariki ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Na manta ban kankare fatar ba sai da ya zazzage buhun. Bai ko dube ta ba tukuna. Ya bi bakin karayar da babban yatsa.

"An yi walda sau biyu. Direba, lam nawa ka ƙara a kan tulin?"

"Huɗu, Baba."

"Na wane mota?"

"Na wadda Allah ya hore."

Ya yi dariya har da tari. Kun san al'adarmu: mota ta ɗan sunkuya, a ƙara lam, ta sake, a ƙara wani, har mutum ya riƙa alfahari da tsayin tulinsa kamar jeren kwanonin amarya. Baba ya ce mu ne ke kashe motocin da hannunmu. An yi lam don ya lanƙwasa ya dawo, in ka cika shi ya sandare, dole ƙarfin ya nemi wurin fita, sai ya karya uwar. Kuma tulin da ya sandare ba ya lilo, shi ya sa taya ke rataye a sama cikin rairayi. Shekara ashirin ina tuƙa Sarjan, sai ranar na ji an bayyana mini ita.

Na ba shi labarin rago da kara ina sosa ƙeya. Ya ce ba komai. Ya tambaye ni gefen da sitiyari yake, da yawan notin taya, da yadda murfin inji ke buɗewa. Sai ya ce in biyo shi. A bayan rumfarsa, cikin ciyawa, ga wata mota ba taya ba inji, talo-talo na kwance a mazaunin direba. Na tsaya kawai. Sarjan ce sak, har ƙugiyar gaba.

"Ga ɗan'uwan motanka," in ji shi. "Shi zai ba mu awo."

Sai a lokacin ya ɗauki guntun nawa ya dubi fatar. Na fara kame-kame cewa aikin daji ne, ba yadda zan yi ne. Ya ɗaga mini hannu. Ya ƙwanƙwasa ta da guduma, ya gwada zura sukundireba a ƙarƙashinta, ta ƙi. Ya tambayi yadda ake yi, na ce ɗanya ake yankawa a naɗe, rana ta yi sauran. Ya kira ma'aikatansa biyu, dattawa kamarsa, ya nuna musu. Ya ce ya ga gyaran daji iri-iri a aikin soja, bai ga wanda ya kai wannan hankali ba, kuma in na yarda zai rataye guntun a rumfarsa. Abin da na yini biyu ina ɓoyewa, shi aka rataye a bango kusa da hotonsa na soja.

Na ce to a hura wuta. Ya ce gobe Lahadi, ba ya aiki. Na yi magiya, na kawo maganar shanu, ya saurara har na gama, ya ce Litinin da asuba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mu ko ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci ake komawa ƙarƙashin mota. Ya ce kuma ba zan kwana a tasha ba, akwai ɗaki a gidansa.

Ga amsar masu tambaya: e, a gidansa na sauka, kwana biyar. Matarsa, Mama Saratu, ta share ɗakin ta ajiye mini buta da sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Da ta kawo abinci ta ga ina juya cokali, ta ce, "Ci abinka, ɗana, naman daga hannun Malam mahauci yake, shi ke yanka mana tun kafin a haifi 'ya'yana." Kunya ta rufe ni. Na ci gwaten acca, wani abu mai ruwa-ruwa da ganye da ɗan tsami, ranar farko don ladabi, daga baya don so. Na ci sakwara, wadda ke sauka ciki ta zauna kamar an aza tubali. Shayinsu ne dai ban yafe ba. Kofi guda ƙato, madara fal, a shanye a tsaye a tafi. Na ce wa Mama mu namu sau uku ake zubawa, kuma ba a gaggawa. Ta ce shi ya sa motocinmu ke tsufa a hanya.

Ran Lahadi da suka dawo daga coci, Baba ya tuɓe rigarsa ta ado ya ce in zo. Na ce ai na ɗauka yau hutu ne. Ya ce guduma ce ke hutu, kunnensa bai ce ya gaji ba. Muka shiga wani ɗaki cike da tsofaffin lam na motocin soja. Sai ya rataya ɗaya da waya, ya ɗan buga da ƙaramin ƙarfe, ya kasa kunne. Wanda ya yi ƙara mai tsawo a ajiye dama. Wanda ƙararsa ta mutu da wuri akwai tsaga a ciki ko ido bai gani ba, a jefa hagu. Wani na gan shi sumul kamar sabo, na ce wannan fa, Baba? Ya buga, ya ce in saurara, sannan ya goge wani wuri da kananzir, sai ga tsagar siririya kamar gashi. Har magariba muna wannan, bai gaji ba.

Litinin da asuba aka fara. Ya ciro lam mai lafiya daga jikin motar talo-talo, ya kwantar a daɓen siminti, ya zana lanƙwasarsa da alli. Wannan zanen shi ne alƙali. Kowane lam sai a aza shi kan guntayen ƙarfen layin dogo biyu, dattawan nan su riƙa sauke masa guduma, bugu ɗaya nan, a matsa yatsa biyu, bugu ɗaya can, Baba na juya shi da hannu yana ƙirga musu da kai. A ɗauka a aza kan alli. In ya kauce ko da kaurin ƙwayar gero ne, a mayar. Ba ihu, ba zagi, ba mai cewa ya isa haka nan. In lokacin salla ya yi kuwa, ko ban duba agogo ba sai in ji guduma ta tsaya, Baba ya ce, "Direba, je ka, za mu jira ka." Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, kuma na faɗa masa a gabansa.

Ran Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Baffa ne, ya hau raƙumi har kan wani tudu inda waya ke kamawa.

"Isuhu, kana lahiya? Ina ka kai?"

"Ina Kaduna, Baffa, ana aikin."

"To, madalla. Dada ta kwanta. Da sanduna muka tashe ta jiya, yau ma haka. Ban kira don in matsa maka ba, na ce dai ka sani."

Wayar ta yanke. Na je na sami Baba na ce gefen hagu ya kusa ƙarewa, a ɗaure mini shi in tafi, na dama lafiyarsa lau. Ya ce ba ya yin gefe ɗaya. Sabo a hagu, gajiyayye a dama, motar za ta karkace, kuma da cikakken kaya na daman zai karye kafin in kai. Na ce motata ce. Ya ce aikinsa ne. Na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa wa mai furfura ba, na fice cikin ruwan sama, na yi ta zagaya Panteka har na jiƙe sharkaf. Da na dawo ban tarar da fushi ba. Na tarar ya aika an kira wani tsohon abokin aikinsa, guduma ta zama uku, Mama kuma ta ajiye mini gwate a rufe. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi in riƙe masa bakin lam.

Ran Laraba da yamma aka gama. Tuli biyu, kowanne bai kai tsayin nawa na da ba, an shafe tsakanin lam da baƙin giris, ga sababbin etiriye huɗu, ga sabon zoben tagulla na wurin lilo. Ya ba ni wata sifana mai dogon hannu da ya ƙera da kansa. Sannan ya ja ni gaban guntun nan da ke rataye, ya dafa fatar.

"Direba, ka ji da kyau. Wannan fata, yana bushewa yana ƙara kamawa da kansa. Ƙarfe ba ya yin haka. Sabon lam in ya ji kaya zai zauna, etiriye zai yi sako-sako. Ka yi tafiyan rabin yini da kaya, ka tsaya, ka ɗaure noti takwas ɗin nan. Washegari ka sake. Ka ji?"

Na ce na ji. Ya sa na maimaita, na maimaita.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Wata babbar mota mai zuwa Maradi ta ɗauke ni da kayana. Jami'in nan na iyaka ya gane ni, ya tambayi ina layata, na ce na bar ta Kaduna an rataye a bango, bai yarda ba. Ran Asabar da sassafe muna ƙarƙashin Sarjan ni da Ɗan Tani, rabinku kuna tsaye a kanmu kuna cewa an cuce ni, tulin ya yi ƙanƙanta. Kafin la'asar muka ɗaure komai, na ja notin nan da sifanar Baba har sai da idona ya yi ja.

Sai Ɗan Tani ya jawo wayar waldarsa. Kun san haka muke yi. Saboda gargadar hanyoyinmu, duk notin da ke ƙarƙashin mota sai an ɗiga masa walda don kada ya kwance, kuma Ɗan Tani ba marowaci ba ne, zagaye shi yake yi. Ina tsaye ina kallo. Ba zan ce na manta da maganar Baba ba, na tuna sarai. Cewa na yi a raina, notin da aka yi wa walda ai ba zai kwance ba, ke nan na huta da tsayawa a hanya, na ci rabin yini. Har wani daɗi na ji, wai mu ma muna da dabarar da Kaduna ba ta sani ba. Baba bai ce noti zai kwance ba. Cewa ya yi lam zai zauna. Kunnena ya ji daidai, kaina ne ya juya maganar zuwa abin da ya saba.

Aka yi lodi, na tashi da asuba. Jama'a, Sarjan ba ta taɓa tafiya irin ta ranar ba. Ramin da da yake jefa ni har rufi, sai in ji ta haɗiye shi. Bayan Tagriss akwai tudun rairayin da kullum sai na sauka na yi haƙa na shimfiɗa farantan ƙarfe a ƙarƙashin taya, ranar nan kuwa da cikakken kaya ta taka shi ta wuce, ƙafafun baya na lilo suna bin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai a mota ina ta sa wa Baba Soja albarka.

Washegari da hantsi na fara jin ƙwas-ƙwas a baya. Na sauka na leƙa. Tulin ya zauna kamar yadda aka faɗa mini, tsakaninsa da etiriye har yatsana na shiga. Na ɗauko sifanar Baba na sa a noti, ta ƙi ko shiga saboda tudun walda. Na buga da guduma da kurfi har hannuna ya fashe, aikin Ɗan Tani bai motsa ba. Na cusa guntayen ƙarfe a ratar, na ci gaba a hankali ina addu'a. Wajen azahar na ji ƙara kamar harbi. Etiriye ɗaya na hagu ya tsinke, ƙusar tsakiya da ke haɗe tulin ta gutsure, lam suka baje kamar yatsun hannu, motar ta zauna a kan taya. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai karye ba. Aikin Baba bai gaza ba, ni na gaza.

Daga nan zuwa rijiyar tafiyar hantsi ce a ƙafa. Ashe su Baffa suna kan tudu suna hangen ƙurata, suka ga ta tsaya. Baffa ya iso a kan raƙumi da maza uku. Ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru, ya tambayi mutanen gida da gajiyar hanya. Sannan ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙarƙashin motar. Na faɗa masa gaskiya duka, har maganar walda.

"Hwata za ta riƙe?" ya ce.

"Za ta riƙe, Baffa, in ɗanya ce mai kauri. Amma ka bari. Ka ɗauki buhu biyu ka kai ma Dada, mu yi ta jigila da raƙumi."

"Raƙuman ma da ƙyar suka kawo mu. Buhu biyu saniya guda za su tayar. Gidaje nawa ka jira a rijiyar ga, Isuhu? Kuma in motar ta kwana nan, wa za shi koma shi ɗauko sauran?"

Fatun mushen da ke zube a hanya rana ta riga ta cinye su, ta akuya kuma ba ta riƙe ƙarfe. Baffa ya sa aka aza masa buhu ɗaya ya juya, ya bar mini mazan. Muka sauke rabin kayan, muka ɗaga motar, muka mayar da lam ɗaya bayan ɗaya, na yanke wani ƙarfe na zura a madadin ƙusar tsakiya. Ina aikin ina roƙon Allah ya sa wani bijimi ya zaɓa.

Da la'asar sakaliya ya dawo da abu naɗe a gabansa. Ya shimfiɗa a kan rairayi, fata ce ja, ga farin tabon a kafaɗa. Na zauna a ƙasa.

"Masu tsayuwa na iya kai damina," in ji shi. "Ita ce ba ni da tabbas. Amma ta ɗanɗana dusarka kahin nan. Tahi biyu ta ci a hannuna."

Shi da kansa ya yanka fatar, zagaye-zagaye tun daga gefe har tsakiya, yadda suke yanka igiyar guga, ba ta tsinke ko sau ɗaya ba. Muka naɗe tulin gaba da baya, mutum huɗu na ja. Na yi kuka a ƙarƙashin motar, ba na jin kunyar faɗa. Muka bar wa rana aikinta. Washegari da azahar na ƙwanƙwasa fatar da sifana ta amsa kamar ƙarfe, kafin la'asar muna bakin rijiya, mata na ta fitowa da ƙorai. Sawu uku na ƙara yi da ɗaurin nan kafin ruwa ya sauka, kuma yawancin shanun sun ga ciyawa.

Da na dawo Dakoro na kira Baba Soja na faɗa masa abin da na yi. Sai ya tambaye ni:

"Lam ya karye?"

"Ko ɗaya, Baba."

"To fatan na wane ne?"

Na ba shi labarin Dada. Da na gama ya ce, "Ka gaishe mini da mai saniyan. Ka ce masa wani tsohon soja a Kaduna ya cire masa hula." Bayan mako biyu sai ga sababbin etiriye ya aiko ta hannun wani direba. Na sa su da hannuna, na ɗaure, na sake ɗaurewa a hanya sau biyu, kuma Ɗan Tani ya san in ya kusanci notina da wayarsa za mu ɓata.

Fatar yanzu ba ta riƙe da komai, ƙarfe ya karɓi aikinsa. Ko yau zan iya sa zarto in cire ta. Amma duk ranar da na isa rugar Baffa, kafin ya miƙo mini hannu sai ya duƙa a gefen hagu na Sarjan, ya zura hannu ya shafa jan gashin nan, yadda yake shafa wuyanta da safe. Sannan ya miƙe ya tambaye ni hanya. Har yau bai taɓa yi mini maganar noti ba.